Abinci, Makamashin Ƙwaƙwalwa da Ciwon Damuwa: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan magana ta yawaita a kan cewa abin da mutum yake ci yana da hannu a ciwon damuwa. Maganar tana da tushe, sai dai masu talla sun riga masu bincike isa da ita kasuwa, har ana yi wa marasa lafiya alkawarin da ilimi bai yi musu ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin marasa lafiya da masu jinyarsu.

Wane ciwo ake nufi, kuma me ya bambanta shi da ɓacin rai na yau da kullum?

Likitoci suna cewa mutum yana da ciwon damuwa idan ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kowace rana, zuciyarsa a ƙuntace ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, tare da wasu alamomi irin su lalacewar barci, sauyin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da shi, kuma ya fi yawa a tsakanin mata.

A ƙasar Hausa ba kasafai mai wannan ciwo yake zuwa asibiti ya ce zuciyarsa ce ba daɗi ba. Abin da za a ji daga bakinsa shi ne, "Likita, jikina ya mutu," ko "kaina yana yi mini nauyi," ko "ko na yi barci sai in tashi a gajiye." Da yawa sai an yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod sau biyu ko uku kafin wani ya yi tunanin ya tambaye su halin da zuciyarsu take ciki. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan kalmomi na ƙarfi da rashinsa ne, kuma daga wannan ƙofa ce masu bincike suka shiga batun makamashin ƙwaƙwalwa.

Nawa ƙwaƙwalwa take ci, kuma me take yi da shi?

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin da jiki yake ƙonawa alhali yana hutawa. Abincinta na asali shi ne sukarin da ke yawo cikin jini, wanda ake kira gulukos, kuma tana buƙatar kimanin giram 120 a rana. Ba ta da wani rumbun kirki da za ta yi ajiya a ciki, saboda haka jini ne yake kai mata dare da rana ba tare da yankewa ba.

A cikin kowace ƙwayar jijiya akwai wasu ƙananan injina masu suna mitokondiriya, su ne suke ƙona gulukos da iskar da muke shaƙa, su fitar da wani sinadari mai suna ATP wanda duk aikin ƙwayar ya dogara a kansa. Mafi yawan wannan ATP yana tafiya ne wajen aika saƙo: duk sanda wata jijiya ta yi wa 'yar'uwarta magana, sai ta kwashe gishirin sodiyam da ya shigo mata ta mayar da shi waje, ta jawo fotasiyam ciki, kafin ta iya sake magana. Wannan aikin kwasa ba ya tsayawa ko mutum yana barci.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ciwon suga da ya yi allurar insulin bai ci abinci ba ya ga wannan da idonsa. Gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, mutum mai haƙuri ya rikiɗe ya zama mai faɗa, magana ta daina fita daidai. Da an ba shi ruwan sukari, cikin 'yan mintoci sai ya dawo kamar ba shi ba. Ciwon damuwa ba haka yake faruwa farat ɗaya ba, amma hotunan ƙwaƙwalwar masu ciwon sun nuna sauyi a yadda wasu sassa na gaban kai suke amfani da gulukos, kuma an lura cewa ciwon ya yi yawa a tsakanin mutanen da aka haifa da cutar da ta raunana musu mitokondiriya.

Me ake nufi da saƙonnin makamashi?

Jiki ba ya barin ƙwaƙwalwa cikin duhu game da halin da rumbunsa yake ciki. Akwai sinadarai da suke bin jini suna kai mata labari. Insulin yana fitowa bayan an ci abinci, yana shaida cewa sukari ya shigo, a buɗe masa ƙofa. Leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York a 1994, daga kitsen jiki yake fitowa, yana ba da rahoton yawan ajiyar da ake da ita. Girelin kuwa, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, tumbi ne yake sakinsa idan ya zama fanko. Sai kotizol, sinadarin da yake tashi lokacin tsoro ko matsi, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ƙara sukari a jini domin jiki ya fuskanci barazana.

Abin da ya ja hankalin likitocin ƙwaƙwalwa shi ne wuraren da suke karɓar waɗannan saƙonni ba su tsaya a sashen da yake kula da yunwa da ƙoshi ba. Ana samun su a sashen da yake riƙe tunani da koyo, da kuma hanyoyin da sinadarin dofamin yake bi, waɗanda su ne suke sa mutum ya ji marmarin abu har ya tashi ya nema. Ke nan layin da yake sanar da ƙwaƙwalwa ko akwai abinci ya haɗa hanya da layin da yake ba mutum ƙwarin guiwar tashi daga shimfiɗa.

A cikin ƙwayar ma akwai masu lissafi guda biyu. Ɗaya ana kiransa AMPK, wanda idan makamashi ya yi ƙasa yake umartar ƙwayar ta tsuke bakin aljihu. Ɗayan shi ne mTOR, wanda idan akwai wadata yake ba da izinin gini. A 2010 Ronald Duman da tawagarsa a Jami'ar Yale suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa saurin aikin da maganin ketamin yake yi a kan alamomin damuwa ya dogara ne ga kunna mTOR, wanda yake sa jijiyoyi su ƙulla sababbin mahaɗai. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka sa aka daina kallon batun makamashi a matsayin maganar gefe.

Me ya haɗa ciwon suga da ciwon damuwa?

A nan ne hujjar ta fi ƙarfi. Masu ciwon suga sun kusa ninka sauran mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa, kuma hanyar tana tafiya ta fuska biyu, domin wani nazari da aka fitar a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa mai ciwon damuwa yana da ƙarin haɗarin kusan kashi 60 cikin 100 na kamuwa da nau'in ciwon suga na biyu daga baya.

Wani ɓangare na wannan ba ya buƙatar dogon bayani, tun da wanda aka ɗora masa magani na har abada, da ƙa'idar abinci, da tsadar asibiti, dole abin ya taɓa zuciyarsa. Amma akwai abin da yake faruwa tun kafin a kai nan. Shekaru kafin ciwon suga ya bayyana, jiki yana fara yi wa insulin kunnen uwar shegu: sinadarin yana nan, har ma ya yi yawa, amma ƙwayoyin jiki ba sa amsa kiransa yadda ya kamata. A 2021 masu bincike daga Jami'ar Stanford suka yi amfani da bayanan wasu mutane a ƙasar Holan waɗanda ba su taɓa yin ciwon damuwa ba, aka bi su shekara tara, sai aka ga waɗanda suke da alamomin wannan taurin kunne sun fi saurin kamuwa da ciwon.

Abu na uku shi ne kumburin cikin jiki, wanda ido ba ya gani sai gwajin jini. Kitsen tumbi yana fitar da sinadarai masu tayar da sojojin jiki, su kuma waɗannan sinadarai suna iya karkatar da tiriftofan, wanda da shi ake haɗa serotonin, wato sinadarin da ake yi wa laƙabi da na farin ciki, zuwa wata hanya daban. Likitoci sun ga ƙarfin wannan a fili a zamanin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C magani da intaferon, inda mutane da yawa da ba su da wata matsalar zuciya suka faɗa ciwon damuwa bayan fara allurar. Saboda haka ina ganin bai dace a auna sukarin mai ciwon suga wata-wata ba tare da an taɓa tambayarsa barcinsa da walwalarsa ba.

An taɓa gwada abinci a matsayin magani, ko duk hasashe ne?

An gwada. Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostireliya ta jagoranta, mai suna SMILES, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2017. An ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa waɗanda abincinsu ba shi da inganci, aka raba su gida biyu. Rukuni na farko ya riƙa ganawa da ƙwararriyar masaniyar abinci, wadda ta ɗora su a kan tsari irin na mutanen gaɓar Bahar Rum, wato hatsi da dusarsa, ganyaye, 'ya'yan itatuwa, wake da danginsa, kifi, man zaitun, da nama daidai gwargwado, tare da rage kayan zaƙi da soye-soye. Rukuni na biyu ya riƙa samun zaman hira da ɗebe kewa na tsawon lokaci iri ɗaya. Bayan mako 12, kashi 32 cikin 100 na rukunin abinci sun samu sauƙin da likitoci suke ɗauka a matsayin lafawar ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 8 ne kawai.

Akwai abubuwa biyu da masu yaɗa wannan labari sukan tsallake. Na farko, mafi yawan mutanen suna kan maganinsu ko suna ganin likitan tunani, don haka abincin ƙari aka yi da shi, ba a maye gurbin komai ba. Na biyu, mutum 67 adadi ne kaɗan, kuma kowa ya san rukunin da yake, ga shi a ciwon damuwa fatan samun sauƙi shi kansa yana motsa sakamako. Da aka tattara gwaje-gwaje 16 a wani nazari na 2019, an ga gyaran abinci yana rage alamomin damuwa, amma ragin ƙarami ne. A ganina wannan ba abin rainawa ba ne, musamman da yake abu ne da yake gyara hawan jini da sukari a lokaci guda.

Shin sukari yana jawo ciwon damuwa?

Wani dogon bincike da aka yi a kan ma'aikatan gwamnati a Landan, wanda aka fitar da wannan sashe nasa a 2017, ya nuna cewa mazan da suke shan fiye da giram 67 na sukari a rana sun fi waɗanda suke shan ƙasa da giram 40 haɗarin samun matsalar damuwa da kashi 23 cikin 100 bayan shekara biyar. Masu binciken sun duba ko damuwar ce ta riga ta sa su shan zaƙi, ba su ga alamar haka ba. Duk da haka irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukunci a kan sanadi.

Giram 67 ba shi da wuyar kaiwa. A teburin mai shayi da safe, za ka ga an zuba cokali uku ko huɗu a kofi ɗaya, an bi da madarar gwangwani, an haɗa da farin burodi. Da rana zafi ya taso a sha lemon kwalba, wanda kwalbar rabin lita takan ɗauki kusan giram 50 ita kaɗai. Da yamma ga zoɓo ko kunun zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Sukarin da ya shiga jini da gudu yana sa insulin ya fito da yawa, bayan sa'o'i kaɗan mutum ya ji kasala da yunwa, ya sake neman zaƙi, kuma idan aka yi shekaru a haka ne jiki yake fara daina jin maganar insulin.

To, wanda matsalarsa rashin abinci ce fa, ba yawansa ba?

Wannan tambaya ta fi kusa da halin mutane da yawa a yankinmu, kuma amsarta tsohuwa ce. A 1944 zuwa 1945, masanin abinci Ancel Keys ya yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 masu ƙoshin lafiya waɗanda suka amince da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, har suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Samarin suka zama masu saurin fushi, suka janye daga mutane, suka rasa sha'awar komai sai zancen abinci, da yawansu suka nuna alamomin ciwon damuwa ƙarara, kuma ko da aka dawo musu da abinci an ɗauki watanni kafin su koma daidai. Hausawa sun riga sun faɗa cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa gidajen da ba su da tabbacin abincin gobe sun fi fama da ciwon damuwa, kuma uwaye mata ne abin ya fi kamawa. Duk wanda ya san ƙauye a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, ya san uwar da take raba tuwo ga yara ta ce ita ta ƙoshi. Irin wannan mata idan ta yi shiru ta rame, ba nasiha a kan zaɓen abinci take buƙata ba, abincin take buƙata.

Akwai kuma yunwar da ciki yake cike amma jiki yana rashi. A kudancin ƙasar Amurka, daga 1914, likita Joseph Goldberger ya nuna cewa cutar felagira, mai ɓata fata ta kawo gudawa ta kuma taɓa hankali, daga dogaro da masara kaɗai take zuwa. Daga baya aka gano cewa rashin sinadarin nayasin ne, wanda mitokondiriya ba sa iya aiki sai da shi, kuma baƙin ciki da kasala suna cikin alamominta na farko. Gidan da tuwon masara ya zama abincinsa safe da dare yana buƙatar wake da gyaɗa a kusa, domin gyaɗa tana da nayasin mai yawa.

Waɗanne sinadarai ne rashinsu yake kama da ciwon damuwa, kuma ya kamata in sayi ƙwayoyin bitamin?

Ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe shi ne na gaba, musamman ga masu ciki da masu jego. Da ƙarfe jini yake ɗaukar iska zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da shi ake haɗa dofamin da serotonin. Shan shayi a kan abinci yana rage yawan ƙarfen da hanji zai tsotsa daga hatsi da ganye, alhali lemon tsami da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna ƙara shi. Sai bitamin B12, wanda ake samu daga nama da kifi da ƙwai da nono, kuma yakan yi ƙasa a jikin tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon suga mai suna metformin. Sai folet, wani bitamin na ganyaye da wake. Raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroid shi ma yana kawo kasala da nauyin zuciya, kuma gwajin jini ne yake bayyana shi.

Idan gwaji ya nuna rashi, cike shi magani ne. Amma shan ƙwayoyin bitamin haka kawai domin rigakafin damuwa bai yi nasara ba a manyan gwaje-gwaje. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 1,025 masu ƙiba a Holan da Jamus da Sifaniya da Birtaniya, inda haɗin bitamin da man kifi na shekara guda bai hana ciwon ba. A 2020 wani gwaji a Amurka da mutum fiye da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama ya nuna cewa bitamin D na kusan shekara biyar bai rage kamuwa da shi ba. Kuɗin da za a kashe a kan kwalba mai tsada gara a kai shi wurin mai kifi da mai ganye.

Gaskiya ne cewa a hanji ake yin sinadarin farin ciki?

Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji yake, amma ba ya tsallakawa zuwa ƙwaƙwalwa, ita take haɗa nata. Hanji yana yi wa ƙwaƙwalwa magana ne ta wasu hanyoyi: ta wata doguwar jijiya mai suna bagus, ta sojojin jiki, da kuma ta sinadaran da ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke fitarwa idan sun samu dusa da ganye sun narkar. A 2016 masu bincike a birnin Cork na ƙasar Ailan suka ɗauki bakteriyar hanjin masu ciwon damuwa suka sa wa ɓeraye, sai ɓerayen suka rage sha'awar abin da a da suke so. A 2019 wani bincike a Beljiyam ya ga cewa wasu nau'o'in bakteriya biyu sun yi ƙaranci a hanjin masu ciwon. Fagen sabo ne, kuma mafi yawan hujjarsa mai ƙarfi daga dabbobi take.

Ina batun tsarin keto da ake ta yaɗawa a intanet?

Tsarin ya samo asali ne a 1921, lokacin da likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da ita. Ana yanke hatsi da sukari kusan gaba ɗaya, a yawaita mai, har hanta ta fara yin wasu sinadarai masu suna kiton waɗanda ƙwaƙwalwa take iya ƙonawa a madadin wani kaso na gulukos. Likitan ƙwaƙwalwa Christopher Palmer na Jami'ar Harvard yana cikin masu ganin cewa wannan zai iya taimakon masu taɓin hankali, kuma a 2024 wani ƙaramin gwaji a Stanford da mutum 21 ya ba da sakamako mai ƙarfafa guiwa, sai dai ba a yi rukunin kwatanci ba, kuma mutanen masu wasu cututtukan ne daban da ciwon damuwa na gama-gari. Mai ciki, da mai yin allurar insulin, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin ƙwaƙwalwa mai suna litiyam, kada ɗayansu ya shiga wannan tsari ba tare da likita ba.

Ba mu da man zaitun a kowane gida. Me za mu ci?

An yi gwaje-gwajen ne da abincin Bahar Rum, amma abin da ya tara shi ne hatsi da dusarsa, wake, ganye mai yawa, kifi, da ƙarancin sukari, kuma duk waɗannan muna da su tun kaka da kakanni. Gero da dawa da acca, idan ba a surfe su har sun yi fari fat ba, suna sakin sukarinsu a hankali fiye da farar shinkafa da taliyar leda da farin burodi. Wake, ko a dafa shi da shinkafa, ko alale, ko ƙosai, yana ba da folet da ƙarfe. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abinci ne da masanin abinci na ko'ina zai yaba. Miyar kuka, da kuɓewa, da alayyahu, da yakuwa, da taushe, idan aka yawaita miyar aka rage malmalar, lissafin ya sauya. Daddawa da kindirmo abinci ne da aka tsima, fura da nono kuma ba ta da aibi sai sukarin da ake tula mata yanzu. Kifin teku mai maiƙo, irin wanda ake kira titus da sadin, shi ya fi ɗauke da man omega-3.

Na taɓa ganin wata dattijuwa a danginmu tana ba baƙo haƙuri domin abin da ke gidan dambun zogale ne kawai, tana aika yaro ya sayo masa taliyar leda da lemon kwalba. Abin ya daɗe yana damuna, domin abin da take jin kunyarsa ya fi abin da ta aika a sayo daraja nesa ba kusa ba.

Mai ciwon damuwa zai iya yin azumin Ramadan?

Da yawa suna yi lafiya, wasu ma suna samun natsuwa da ibada da haɗuwar jama'a. Abin da yakan kawo matsala shi ne rikicewar barci da sauya lokacin magani ba tare da shawara ba. Ya kamata a ga likita tun cikin Sha'aban domin a tsara shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai shan litiyam yana buƙatar kulawa ta musamman, domin ƙishirwa tana iya sa maganin ya taru a jini. A sahur, wake da gero da nono sun fi riƙe ciki a kan shayi da burodi. Wanda ciwonsa ya yi tsanani kuwa, Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwamen ya rama a wasu kwanaki, kuma wannan ciwo rashin lafiya ne kamar kowane.

Ɗan'uwanmu ya daina cin abinci, ko faɗa muka yi ba ya ji. Yaya za mu yi?

Faɗa ba ya buɗe cikin mai wannan ciwo, domin ba taurin kai ba ne, hanyar marmarin ce ta toshe. Kada a jira ya nema. A kawo masa kaɗan-kaɗan a kan lokaci, a zauna a ci tare da shi, a fara da abin da ba ya buƙatar ƙoƙari kamar kunun gyaɗa, fura, ko dafaffen ƙwai. A fitar da shi ya taka ƙafa da hantsi ko da zuwa bakin layi ne, domin motsa jiki yana sa tsoka ta karɓi sukari yadda ya kamata, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage alamomin ciwon. Kada kuma a ce masa da ya gyara cinsa da bai kamu ba. Gado, da rasuwa, da talauci, da cin zarafi, da haihuwa, duk suna jawo wannan ciwo ga mutanen da abincinsu ba shi da laifi.

Idan na gyara abincina, zan iya daina shan magani?

Ba da shawarar kanka ba. Magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, ana kuma ci gaba da su watanni bayan an samu sauƙi, kuma yanke su farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Wasunsu, irin su amitriptyline da mirtazapine, suna ƙara cin abinci da ƙiba, don haka wanda ya ga nauyinsa yana hawa ya gaya wa likita a auna sukarinsa, a duba ko za a sauya masa wani.

Wanda ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko yake maganar gara ya mutu, ko mai jegon da ta daina kula da kanta da jaririnta, a kai su asibiti a ranar, kada a tsaya gwada abinci ko jiƙo, kuma kada a bar su su kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen kula da irin wannan ciwo. Idan za a tafi, a ɗauki duk magungunan da mara lafiyan yake sha, har da na gargajiya, a kuma roƙi likita ya haɗa da gwajin yawan jini da na sukari.